Eden: Garin da Kifin Oka Ya Yi Farauta da Mutane

Eden ƙaramin gari ne a bakin teku, can kudancin jihar New South Wales ta Ostireliya, tafiyar kusan awa shida a mota daga Sidni. Yana kan tudu, yana kallon mashigin ruwan Twofold. Duk baƙon da ya sauka, gidan tarihin garin ake fara nuna masa, domin a nan ƙwarangwal ɗin Tom yake.

Tom kifin oka ne, irin baƙin nan mai farin ciki da ke farautar manyan dabbobin teku. An tsinci gawarsa a watan Satumba na 1930, aka kafa gidan tarihin a 1931 don adana ƙasusuwansa. Tsawonsa ya kusa mita bakwai. Na daɗe ina duban haƙoransa da suka cinye, waɗanda mutanen garin ke cewa igiyar mashi ce ta ci su, saboda yawan kama ta da yake yi. Shi da garkensa sukan koro kifin wel cikin mashigin, su daki ruwa da wutsiya a gaban gidan iyalin Davidson masu farautar wel, har mafarautan su fito da kwalekwale. In an kashe, sai a bar gawar ta kwana a ruwa. Oka su ci harshe da leɓɓa, mutane su kwashi sauran. Dokar harshe ake kiran wannan yarjejeniya.

Sai dai ba Turawa ne suka ƙulla ta ba. Tun kafin su fara farautar wel a nan a 1828, mutanen Thaua, wani reshe na al'ummar Yuin, 'yan asalin yankin, sun san oka da sunan beowa, kuma a imaninsu 'yan'uwansu ne da suka rasu suka dawo cikin teku. Su ne suka riƙe filafili da mashi a jiragen 'yan'uwa Imlay, da na Benjamin Boyd, da na Davidson. Amanar da ke tsakaninsu da beowa ce jarin da aka ci riba da shi, amma sunan masu jirgi tarihi ya fi riƙewa.

A nan zane ya shigo. Mickey na Ulladulla, ɗan Yuin da ya rasu a 1891, ya zana jiragen ruwa da masunta da kifaye da taron rawa da fensir da fenti a kan takarda. Zanensa na ajiye a manyan ɗakunan karatu na ƙasar, kuma a cikinsa mutanensa ba 'yan kallo ba ne, su ne masu aikin. Masu zanen Yuin na yau, irin su Cheryl Davison, wannan turbar suka bi: dutsen Gulaga da suke ɗauka uwa, baƙar agwagwa Umbarra, labaran da kakanni suka bayar. A ganina wannan zane ya fi ado nauyi. Ga iyalin da hukuma ta tattara kakanninsu a sansanin tafkin Wallaga tun 1891, hoton wel da kwalekwale salsala ce, hujja ce ta wane ya haifi wane, kuma a wane gaɓar teku.

A ƙetaren mashigin, a Kiah, gidan katako na Davidson na nan tsaye, tare da wurin da a da ake narka kitsen wel. Sun daina aiki a 1929. A da masu ciwon sanyin ƙashi kan zo nan su zauna cikin gawar wel mai ɗumi neman sauƙi.

Gaba kaɗan akwai hasumiyar Boyd. Gandun dajin da ke kewaye da ita ya daɗe da sunansa, duk da cewa shi ne ya kwaso mutanen tsibiran Fasifik a 1847 ya sa su aikin da bai rasa kama da bauta ba. A 2022 aka cire sunan, aka sa Beowa. A 2023 masana daga Jami'ar Flinders, tare da wani ɗan Thaua mai suna Steven Holmes, suka binciki ƙwayar halitta daga haƙorin Tom. Sun gano yana da dangantaka da okan New Zealand, kuma da alama zuriyarsa ta ƙare a wannan ruwan.