Katantanwar Dutse

Autata ta ɗauki dutsen daga kan teburina, tana jujjuya shi a tafin hannu. "Baba, katantanwa ce?"

Na ce kusan haka, amma ba dodon-koɗi ba ne. Amonayit ake kiranta, dabbar teku mai hannuwa da yawa, ƙoƙonta a naɗe kamar ƙahon rago. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne. Tana zama a na bakin ƙofa, iskar da ke sauran ɗakunan ta riƙa ɗaga ta a ruwa. Irinta ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

A Ashaka ta jihar Gombe aka tono shi, inda ake fasa dutsen siminti. Teku a Gombe! Nan ne bayani ya fi ba ni wuya. Ita kuwa sai ta kara dutsen a kunne, ta yi tsit.