Daga Kumashi Zuwa Gwanja Da Kyamara A Wuya

Duk shekara idan hunturu ya kama, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, samarinmu na zanguna sukan yi haramar zuwa arewa, wasu don gaida dangi, wasu don buɗe ido. A cikinsu akwai masu sha'awar ɗaukar hoto waɗanda suka daɗe suna tara 'yan kuɗinsu don sayen kyamara. To, kafin mutum ya zube guminsa a gaban mai kanti, bari mu bi hanyar tare, domin kowane masauki a kanta yana da darasin da zai koya mana game da kayan da suka kamata a riƙa.

A Kumashi ake fara shiri, a kantunan kayan lantarki na Adum. Tun shekarar 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka karkata ga sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, saboda haka tsofaffin masu madubi suka yi sauƙi a kasuwar gwanjo, kuma har yanzu aikinsu ba laifi. Amma fa a duba da kyau. A cire gilashin a ɗaga shi wajen haske. In an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce da danshin kudu ke haifarwa, sai a ajiye shi. A kuma nemi sanin yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, kamar yadda mai sayen mota ke duba tafiyar da ta yi. Sa'an nan kada a ƙarar da kuɗi a kan gangar jikin kyamara, a bar rabo mai tsoka don gilashi, gama shi ne idonta.

Masauki na farko Kintampo, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse a ƙarƙashin manyan itatuwa. Wurin da inuwa, haske kaɗan ne, don haka kyamara tana bukatar lokaci kafin ta kama hoto, hannun ɗan Adam kuwa ba ya rasa rawa. Nan ne maɗori mai ƙafa uku ke da rana. A sayi mara nauyi wanda zai shiga jaka, domin mai nauyi a gida ake barinsa.

Da an haye gadar Buipe, sai ƙura ta ce salamu alaikum. Ita ce babbar abokiyar gabar kyamara a arewa. Kada a canja gilashi a cikin mota ko a fili inda iska ke kaɗawa. A riƙe 'yar robar hura iska, da ƙyalle mai laushi, da farin gilashin kariya mai araha da ake ɗaurawa a gaba. A fara hurewa kafin a goge, kada kuma a yi amfani da bakin riga, don ƙurar nan tana ƙarzar gilashi.

A mararrabar Fufulso ake karyawa yamma, a wuce Damongo a isa Larabanga. Masallacinta na ƙasa ne, da itatuwa a soke a jikinsa, ga tsohuwar kuka a gefe, mutanen garin kuma suna cewa tun 1421 aka gina shi. Gilashin da ke zuwa tare da kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, ya isa ya ɗauke shi duka. Sai dai farar ƙasar da aka shafa masa takan ruɗi kyamara ta rage haske, ginin ya fito toka-toka, don haka a ƙara mata haske da mataki ɗaya. Da hantsi ko bayan la'asar aka fi samun hoto mai kyau. Kuma ɗakin Allah ne, a nemi izini tukuna.

Kusa da nan gandun dajin Mole yake, wanda ya fi kowane girma a Ghana. Da rani giwaye sukan zo shan ruwa a tafki, ga gadu da mariya da gwaggon biri. Da ƙafa ake shiga tare da ma'aikaci mai bindiga, kuma ba zai bari a matsa kusa da giwa ba. Wanda ba shi da gilashi mai jawo nesa, irin mai milimita 70 zuwa 300, sai dai ya koma da hoton daji da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. A tafi da batir biyu da katin ajiya biyu, don babu kanti a dawa.

Amma inda zuciya ta fi kwanciya shi ne Salaga, kudu maso gabas da Tamale. Nan ne fataken ƙasar Hausa suke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro, har yaƙin basasar 1892 ya watsa jama'a, Alhaji Umaru mashahurin malami ya koma Kete-Krachi, wasu suka bazu cikin zanguna. Tsofaffin rijiyoyin garin suna nan, haka ma dattawa masu riƙe da labarin kakanni. Don fuskokinsu babu kamar ɗan gilashin nan mai milimita 50. Yana da araha, yana kuma shan haske sosai, har a cikin zaure ba sai an haska wa dattijo fitila a ido ba. A gaisa, a zauna, a faɗi dalili, kana a ɗaga kyamara. Wanda ya ce a'a, a ƙyale shi.

Daga ƙarshe, idan an dawo kudu a saka ƙullin tsotse danshi a jakar, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. A kuma wanke hotunan a takarda, a rubuta suna da wuri da shekara a baya, a aika wa masu su nasu. Dattawan nan ba za su dawwama ba, jikokinmu kuwa za su tambaya. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.