Dalilin da ya sa na ƙi kankara na zaɓi toshe jijiya

Tun da na haura sittin fitsari ya fara yi mini gardama. In tsuguna in yi ta jira, in ya zo ya zo siriri, in tashi kuma in ji kamar ban yi ba. Barcin dare ya gagara. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗigon da ke biyo bayan tsarki. Ni da na saba sahun farko, sai ga ni ina neman bakin ƙofar masallaci, ina duba wando a ɓoye kafin in yi kabbara.

Likitana a Kano ya sa aka yi gwajin jini na PSA da hoto, ya ce ba daji ba ne, furostet ce ta kumbura. Tsoka ce da asalin girmanta bai wuce goro ba, tana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. In ta girma sai ta shaƙe hanyar. Na sha tamsulosin, ya taimaka, sai dai jiri yakan ɗebe ni in na miƙe daga sujada. Ranar da fitsarin ya tsaya cak aka sa mini roba, ranar likitan ya kawo maganar tiyatar da aka saba, TURP, wadda ake bi ta hanyar fitsari a kankare naman da ya tare.

Na ƙi. 'Ya'yana na ce musu allurar barci nake tsoro, amma ba ita ba ce. Likitan ya gaya mini cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa kankara, maniyyinsu kan koma cikin mafitsara maimakon ya fito. Ba ya cutarwa, ba ya hana kusantar iyali, sai dai haihuwa kan yi wuya. Amaryata kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, kuma na san irin addu'ar da take yi cikin dare. Da na iya buɗe baki na faɗa masa haka, sai ya ce, "Baba, ai da wannan ya kamata mu fara."

Shi ya ba ni labarin toshe jijiyoyin jinin da ke ciyar da furostet. Wani likita a Sao Paulo ta Birazil, Francisco Carnevale, ya soma yinsa a 2008. Amurka ta amince da ƙananan ƙwayoyin da ake toshe jijiyar da su a 2017, hukumar lafiya ta Ingila kuma ta yarda da aikin a 2018. A Alƙahira aka yi mini. Idona biyu. Suka kashe zafi a matsematsina, suka zura siririn bututu cikin jijiya suna binsa a allo, ina jin ɗumi na yaɗuwa a marata duk sanda suka tura ruwan hoto. Daga nan suka zuba ƙwayoyin, kowace ba ta wuce rabin milimita ba, a jijiyar dama da ta hagu. In jini ya ragu, sai tsokar ta motse a hankali.

Kwanakin farko sun ba ni wuya: raɗaɗi, nauyi a mara, jin fitsari ba ƙaƙƙautawa. An riga an ce mini haka zai faru, duk da haka zuciyata ta karaya. Sai da makonni suka shuɗe aka cire roba, sauƙin na gaske kuma ya ɗauki watanni. Yau ina barci, alwalata na kai ni daga magariba zuwa isha'i, maniyyina na fita yadda ya saba.

Duk da haka ƙarfin fitsarin bai koma na ƙuruciya ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. A wani bincike da aka yi a Suwizalan aka buga a 2018, sauƙin da marasa lafiya suka ji ya yi kusa da na kankara, amma kankara ta fi buɗe hanya. Bayan shekara 2, kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka toshe wa jijiya sai da aka koma aka yi musu kankarar. Wanda jijiyoyinsa suka ƙandare saboda ciwon sukari, hawan jini ko sigari, bututun ma kan kasa isa wurin.

Shi ya sa da aminina ya zo yana shirin sayar da gona ya bi sahuna, na hana shi. Ya gama haihuwa, jikokinsa sun cika gida, kankara kuma ana yinta a asibitocin koyarwa nan gida, ta kuma fi daɗewa tana aiki. Abin da ya kai ni Masar ba ya cikin damuwarsa.

Haihuwar dai har yanzu muna jiran hukuncin Allah. Duk shekara nakan je a auna PSA da ƙarfin fitsari, kuma mun riga mun yi magana da amaryata cewa in hanyar ta sake toshewa, kankarar za a yi.