Yawon Sallah a Otal-Otal ɗin Disney

A shekarun da na yi ina karatu a Gainesville, cikin jihar Florida ta Amurka, babu ranar da take yi mini nauyi kamar ranar Sallah. A sauko Idi da safe, a gaggaisa, a sha shayi a tsaitsaye, kafin hantsi ya yi kowa ya watse, wani aji, wani wurin aiki. Garin kuwa bai ma san ana yi ba. Ba tambari, ba hawa, ba yaran maƙwabta da za su shigo da sababbin kaya suna jiran goron Sallah. Sai mutum ya koma ɗaki da shaddarsa mai kari, ya zauna yana kallon bango.

A ƙaramar Sallar 2009 wani yayanmu ɗan Damagaram, wanda ya riga mu zuwa ƙasar da daɗewa, ya ce abin ya ishe shi. Ya tara mu a tsohuwar motarsa, ni da wani abokina Bakatsine da wani Basudane da muke ce wa Ustaz, ya ce yau zai kai mu yawon Sallah.

Na ce, "Yaya, gidan wa?"

Ya ce, "Gidan Mickey."

Muka yi dariya, don mun san tikitin shiga filin wasan Disney na kwana ɗaya a lokacin ya doshi dala 80, kuma babu mai wannan rarar a cikinmu. Ya ce mu dai mu shiga mota, wa ya ce mana tikiti zai saya.

Tafiyar kamar awa biyu ce zuwa Orlando, kuma a hanya ya warware mana dabarar. Walt Disney World ba fili ɗaya ba ne. Ƙasa ce mai faɗin eka 27,000 da 'yan kai, fadama da daji, wadda Walt Disney ya saye a ɓoye a tsakiyar shekarun 1960 da sunayen wasu ƙananan kamfanoni don kada masu filaye su farga su tsawwala kuɗi. Shi kansa bai ga buɗe wurin ba, ya rasu a 1966, yayansa Roy ne ya ƙarasa aikin aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1971. A ciki akwai manyan filayen wasa huɗu da otal sama da 20. Tikiti kuwa a ƙofar filayen wasan kaɗai ake tambaya. Otal-otal ɗin, da bas-bas, da jiragen ruwa, da jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, duk kyauta ne, kuma a lokacin ba mai tambayarka lambar ɗaki. Muka ajiye mota a kasuwar da ake kira Downtown Disney a lokacin, inda ba a biyan kuɗin fakin, muka hau bas. Daga ranar abin ya zame mana al'ada, mu bi otal-otal ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke bin gidajen dangi a gida, mu zauna a falo, mu kalli mutane, mu tashi.

Contemporary muke fara zuwa. Gini ne mai kama da tanti na kankare, faɗi a ƙasa, tsuke a sama, kuma jirgin yana ratsawa ta cikin cikinsa, ya tsaya a saman kawunan masu cin abinci ba tare da wata ƙara ba. Ranar farko Ustaz ya daɗe yana kallon wannan abu yana salati. A tsakiyar ginin akwai wani dogon zanen tayil mai tsawon ƙafa 90 na wata mai zane, Mary Blair, kuma can sama a jikinsa akwai akuya mai ƙafa biyar, wadda duk baƙon da yayanmu ya kawo sai ya sa shi nemanta har wuyansa ya ƙage. A otal ɗin nan ne shugaba Richard Nixon ya tsaya gaban editocin jaridu a Nuwambar 1973 yana rantsuwar shi ba macuci ba ne, kafin shekara ta zagayo ya sauka daga mulki. Bakatsinen namu, mai karatun siyasa, ba ya gajiya da ba da wannan labari.

Polynesian na fi so a cikin otal ukun da ke kan layin jirgin. Kana shiga ƙanshin ruwa da furanni zai tare ka, don a wancan zamani akwai duwatsu da bishiyoyi da ruwa mai zubowa a tsakiyar falon. An rushe su a gyaran 2014, kuma a ganina an yi asara. A ƙaramin kantin abincinsu muke sayen Dole Whip, wani ayis kirim na abarba da a lokacin mutum yake tatsa da kansa daga inji, kuma kowa ya san abin da ɗalibi zai yi idan aka bar shi da inji da kofi. Mu fita da shi bakin tafki mu zauna a kan yashi. Tafkin ma haƙa shi aka yi, yashin kuma daga ƙarƙashin wani tafki na kusa aka kwaso. Da dare daga nan ake hango wasan wuta na Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan, a ƙetaren ruwa, ba turmutsutsu, ba ko sisi.

Grand Floridian kuwa, farin gini mai jan rufi da aka buɗe a 1988, ba ma daɗewa a cikinsa. A lokacin akwai mai kaɗa piyano, akwai makaɗan badujala a saman bene, akwai wani gidan abinci, Victoria & Albert's, da ba a shiga sai da kwat kuma ba a shiga da ƙananan yara. Kyau kam akwai shi, amma irin kyan da yake sa mutum ya riƙa duba takalminsa.

Inda yawon yake ƙarewa, inda kuma muke kashe abin da muka tara, shi ne Animal Kingdom Lodge. Yana can gefe, nesa da sauran, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo a bas. An buɗe shi a 2001, kuma daga waje ba ya nuna kansa, sai ka ga kamar ƙaramin gini mai rufin ciyawa. Sai an shiga. Falo ne mai tsawon hawa da yawa, duhu-duhu, katako baƙi, fitilu masu siffar garkuwa da masu, ƙarshensa kuma wata ƙatuwar taga da ke kallon daji. A gefe guda ga dodon Ijele na ƙabilar Ibo, tsawonsa ƙafa 16, an yi shi da yadudduka kala-kala. Ni da na girma a Najeriya ban taɓa ganin Ijele da idona ba sai a Florida, kuma a shekarar nan ta 2009 ne UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Na tsaya a gabansa ina jin wani abu tsakanin alfahari da mamaki.

Shigarmu ta Sallah ta jawo mana abin dariya. Yayanmu yana cikin babbar riga da hula dara, mu kuma da kaftani, sai ga wata tsohuwar Baturiya ta nufo mu da kyamara tana tambayar ƙarfe nawa za mu fara wasa. Ta ɗauka ma'aikata ne. Yaya bai ko murmusa ba, ya ce mata an riga an tashi, amma hoto kyauta ne. Ta ɗauka, ta yi godiya, ta tafi tana murna.

Ma'aikatan na gaske suna nan, samari da 'yan mata daga Botswana da Namibiya da Afirka ta Kudu da Zimbabwe, da ake kawowa su yi kamar shekara guda suna yi wa baƙi bayanin ƙasashensu. Su ne suke tsayawa a bayan otal inda ake kallon dabbobi. Raƙuman dawa suna kiwo dab da barandar ɗakunan kwana, ga jakunan dawa, ga barewa iri-iri, ga gauraka tana taƙama. Abin da ya fi kama ni shi ne shanun Ankole masu manyan ƙahoni. Turawa suna ta ɗaukarsu hoto a matsayin namun daji, mu kuwa muka yi shiru, don kowannenmu ya tuna garken da yake wucewa ta bayan garinsu da yamma. Wata yarinya 'yar Botswana ta lura da mu, ta tambayi daga ina muke, muka shiga hira. Ta ce ita ma abin da ya fi damunta a nan shi ne ba mai gaida kowa da kyau.

Boma sunan gidan abincin, a ƙasan bene. Kuɗi sau ɗaya ake biya, mutum ya ɗauki faranti ya yi ta ɗiba har ya gaji. Da muka ce mu Musulmi ne, sai aka kira babban kuku, ya fito da farar rigarsa ya zagaya da mu tukunya-tukunya yana nuna mana wadda aka sa wa naman alade da wadda aka sa wa giya. Wannan al'ada tasu ta burge ni, kuma har yau ban ga inda ake yinta da natsuwa haka ba. Shi ne ya hana mu taɓa kayan zaƙin da wurin ya fi shahara da shi, wasu 'yan dunƙule masu zanen jakin dawa, don akwai Amarula a ciki, giyar Afirka ta Kudu da ake yi da 'ya'yan marula. Daga baya, a wani littafin tsirrai, na gano marula ɗin nan ita ce danyarmu, wadda muke tsintar nununta muna yara muna tsotsa.

Batun nama kuwa a kan teburi aka yi shi. Ustaz ya ce yankan Ahlul Kitabi ne, ya yi bismilla ya cika faranti da gasasshen naman sa. Bakatsine ya ce shi bai ga Ahlul Kitabi a injin yanka ba, ya tsaya a kan kifi. Ni na bi Bakatsine, Yaya ya bi Ustaz, kuma wannan muhawara ba mu taɓa gama ta ba duk zuwan da muka yi. Akwai pap, wato tuwon masarar mutanen kudancin Afirka, da miyar tumatir da wake mai ɗan yaji da suke kira chakalaka. Akwai miyar kabewa mai zaƙi wadda na sha har na ji kunya. Akwai bobotie, nikakken nama da aka rufe da ƙwai aka gasa. Sai wani abu da aka rubuta wa fufu, wanda da muka ɗiba muka tarar dankalin Hausa ne da na Turawa aka dama da kayan ƙanshi. Da ɗan Kumasi zai gan shi da an yi shari'a.

Gaskiyar magana, Afirkar da ke cikin tukwanen nan ta kudu ce da ta gabas, an kuma rage mata zafi don harshen baƙi. Ba daddawa, ba kuka, ba kuɓewa, ba abin da za a ce ya fito daga Sahel. Yaya ya san haka, shi ya sa yake tafe da 'yar kwalbar yajin ƙuli a aljihun babbar rigarsa, ya zaro ta a hankali ya zagaya da ita ƙarƙashin teburi. Amma ba zan yi butulci ba. A duk faɗin jihar nan, wurin ne kaɗai da muka ci tuwo da hannu a bainar jama'a, mai kawo abinci ta gan mu ta yi murmushi don ita ma haka take ci a gidansu. Da aka kawo takardar kuɗi muka sha lissafi, ga haraji ga tukuicin ma'aikata wanda a Amurka kusan wajibi ne, abin ya tasam ma cefanen mako guda na kowannenmu. Ba wanda ya yi ƙorafi. Muka fita bayan otal inda ake hura wuta da dare, aka ba mu tabaran gani cikin duhu, muka kalli raƙuman dawa suna tafiya kore-kore, sannan muka nemi gefen ciyawa muka haɗa Magariba da Isha.

Filin wasa ɗaya na taɓa sayen tikitinsa a shekarun nan, Epcot, shi ma don abinci. A nan aka jera rumfunan ƙasashe 11 a bakin tafki, kuma Maroko ce kaɗai daga Afirka. An buɗe tata a 1984, Sarki Hassan na Biyu ya aiko da magina da masu aikin tayil daga ƙasarsa, shi ya sa aikin ya fita daban, har da kwafin hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marrakesh. A can ƙuryar lungun akwai Restaurant Marrakesh, inda muka ci kuskus da naman rago, muka sha shayin na'ana'a. Da mai rawa ta fito Ustaz ya duƙar da kai cikin farantinsa bai ɗago ba sai da aka daina kiɗa. An rufe gidan abincin a 2020 lokacin annobar korona.

Abubuwa da yawa sun sauya. Downtown Disney ta koma Disney Springs a 2015, shekarar da tikitin Magic Kingdom ya haura dala 100. An sallami makaɗan Grand Floridian a 2020. Motar da take ɗauko baƙin otal kyauta daga filin jirgi ta daina aiki a farkon 2022, tsallake layi da a da ba a biya masa komai yanzu sai da kuɗi. Mu ma mun watse. Yaya ya koma Nijar, Ustaz yana wata ƙasar Larabawa, Bakatsine yana koyarwa, sai gaisuwar Sallah ta waya.

'Yan'uwa da ke shirin kai iyali Orlando sukan tambaye ni wane lilo ya fi daɗi, nakan ce su tambayi yara. Abin da nake ba su shawara shi ne su ware yamma ɗaya ba tikiti, su hau jirgin nan su zagaya otal ukun, su ƙare a Animal Kingdom Lodge kafin rana ta faɗi, lokacin da dabbobi suke matsowa. Wanda yake son cin abinci a Boma ya kama teburi tun yana gida, kwana 60 kafin ranar ake fara karɓar suna, kuma da ya zauna ya ce a kira masa kuku kafin ya ɗauki faranti.