Matsudaira Katamori: Wasiyyar Kaka a Wuyan Jika

A ranar 5 ga Disamba 1893 wani dattijo ya rasu a birnin Tokyo yana da shekara 57. An ce har ya bar duniya ba ya rabuwa da wani ɗan bututun gora da yake ratayawa a wuyansa tamkar laya. Abin da ke ciki wasiƙa ce da Sarkin Japan, Komei, ya aiko masa a 1863 yana yaba masa bisa biyayyarsa. Abin al'ajabi, shekara 25 kafin rasuwarsa gwamnatin ɗan wannan sarki ta ayyana shi maƙiyin gadon sarauta. Sunansa Matsudaira Katamori, mai mulkin ƙasar Aizu.

A wancan zamani Sarki yana zaune a Kyoto da daraja, amma ragamar mulki tana birnin Edo a hannun shogun, wato babban sarkin yaƙi daga gidan Tokugawa. A ƙarƙashinsa akwai daimiyo, masu ƙasa da mayaƙansu na samurai. An haifi Katamori a 1836 a gidan Takasu, wani ƙaramin reshe na Tokugawa. Mai Aizu ya ɗauke shi ɗan riƙo a 1846, ya kuma gaje shi a 1852 yana ɗan shekara 16.

Tare da kujerar ya gaji wasiyya. Wanda ya kafa gidan Aizu, Hoshina Masayuki, ƙanen shogun na uku ne, uba ɗaya. Ya bar wa zuriyarsa dokoki 15, ta farko kuwa ita ce a yi wa shogun biyayya ko da sauran ƙasashe sun juya masa baya, wanda ya saɓa kuma ba ɗan gidan ba ne. Wanda aka haifa a gida zai iya sassauta wa kansa. Ɗan riƙo kuwa kullum yana jin ana auna shi.

Bayan zuwan jiragen ruwan yaƙin Amurka a 1853, martabar shogun ta fara zubewa, Kyoto ta cika da kashe-kashe. A 1862 aka nemi Katamori ya karɓi tsaron birnin. Manyan fadawansa, ciki har da Saigo Tanomo, suka roƙe shi ya ƙi, don sun hango cewa aikin zai cinye dukiyar Aizu ya kuma tara mata abokan gaba. Ya yi ta jan ƙafa har aka tuna masa wasiyyar kakan gidan, sai ya miƙa wuya. Fiye da shekara biyar ya yi yana tsare birnin, rundunar Shinsengumi tana ƙarƙashin inuwarsa, gabar da ke tsakaninsa da mutanen Choshu tana ƙara tsami.

Komei ya rasu a farkon 1867, kafin shekarar ta ƙare shogun Yoshinobu ya mai da mulki ga sabon sarki, Meiji. Aka gwabza a Toba da Fushimi a watan Janairun 1868, mutanen Satsuma da Choshu suka yi nasara. Shogun ya miƙa wuya ya tsira da ransa, aka bar Aizu da biyan bashin gaba. Yaƙin ya raba har ƴan uwa: wan Katamori, Yoshikatsu mai Owari, ya bi sabuwar gwamnati, ƙanensa Sadaaki mai Kuwana ya tsaya tare da shi.

Da kaka ta kama aka yi wa ganuwar Tsuruga ƙawanya na kimanin wata ɗaya ana yi mata ruwan igwa. Samari 19 na rundunar Byakkotai suka kashe kansu a kan dutsen Iimori. Bayan miƙa wuya, bafadensa Kayano Gonbei ya ɗauki laifin a kansa, ya biya da ransa, aka bar ubangidansa da rai. Aka kwashe samurai na Aizu zuwa Tonami, can ƙuryar arewa mai tsananin sanyi. Ƙasar da ake ƙiyasta amfaninta da koku 230,000 na shinkafa, aka musanya ta da mai 30,000. Koku ɗaya kuwa kusan abincin mutum guda ne na shekara. A 1871 aka rushe tsarin daimiyo ɗungurungum.

Daga baya aka sake shi, a 1880 ya zama babban mai kula da wurin bauta na Toshogu a Nikko, inda kabarin Ieyasu, mafarin gidan Tokugawa, yake. Bai fito da wasiƙar nan ya wanke kansa a idon duniya ba. Wataƙila ya ga babu takardar da za ta dawo da waɗanda suka mutu saboda amsawar da ya yi a 1862. A nan nauyin labarin yake: shi ne ya riƙe amanar, amma ƴaƴan wasu ne suka biya mafi yawan kuɗinta.

Zuriyarsa ba ta yanke ba. Ɗansa Tsuneo ya zama jakadan Japan a Amurka, sannan a Ingila. A 1928, shekara 60 cif bayan faɗuwar ganuwar, ƴar Tsuneo, Setsuko, ta auri Yarima Chichibu, ƙanen Sarki Hirohito. Mutanen Aizu suka fito kan tituna suna murna, domin a wurinsu ranar ce aka cire musu sunan ƴan tawaye.