Kawuna Mai Tsaron Shinge

Daren wata Alhamis muna fada, ana jiran shayi na biyu, gardama ta kaure a kan ƴan sandan iyaka. Wani abokinmu mai karatun shari'a ya ce dole ne kowane ɗan ƙasa na gari ya goya masu baya, don su ne ƙofar gida, gidan da ba ƙofa kuwa kango ne. Wani ɗan Agadas ya aje kofinsa ya ce: «Wace ƙofa? Mu dai masu gadin Turawa muka sani, waɗanda aka biya su hana iyayenmu cin abinci.» Aka yi ta ja-in-ja. Ni ban ce uffan ba, har aka tambaye ni ko barci nake.

Ba barci nake ba. Ƙanen mahaifiyata ɗan sandan iyaka ne, ya yi shekaru yana tsaye bakin shinge, ni kuma ɗan Kance ne. Abin da bakina ya yi nauyin faɗa a fada, shi nake rubutawa nan.

A 2013 ina CM1. Akwai wani yaro da muka zauna benci ɗaya tun shekarar baya, ya fi ni lissafi, ni na fi shi karatu, muna taimakon juna. Da aka koma lakwal a watan Oktoba, gurbinsa ba kowa. Aka ce wata gwaggonsa ta tafi da shi arewa. A garinmu kowa ya san ma'anar wannan kalma. Mata na ɗaukar yara, nasu da na aro, su bi ta Agadas da Arlit zuwa Tamanrasat a Aljeriya, yaran su yi bara, a dawo da katifa, da kwanuka, da kuɗin awo. Wadda ta dawo da kaya ita ake nunawa da yatsa a ce ta yi zuciya.

Ƙarshen watan nan rediyo ta faɗi labarin. Motoci biyu da suka tashi daga Arlit sun lalace cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su, kuma mafi yawansu mutanen yankinmu ne. Can aka binne su inda aka same su. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Abokina bai dawo ba har yau. Na tuna Inna tana zaune bakin murhu tana maimaita tambaya guda: «Duk shingayen da ke tsakanin nan da Arlit, ba wanda ya ga yaran nan ya ce ina za ku?»

Wannan tambaya ce ta sa da aka kafa doka mai lamba 2015-36 ranar 26 ga Mayu 2015, wadda ta haramta safarar baƙin haure, na ɗauka don mu aka yi ta. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma da tarar miliyan ɗaya zuwa biyar na sefa. A Nuwamba na wannan shekara shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta ta ƙasar Malta, aka buɗe asusun kuɗi, kuma daga 2016 aka fara aiki da dokar gadan-gadan. Nan take ƴan sandan iyaka suka zama ƴan lelen ƴan siyasa. Kowane jawabi sai an yaba masu. Aka kawo motoci sababbi, aka yi ta horo, ana ɗaukar hoto ana nunawa a talabijin. Cikin wannan lokaci aka tura Kawu arewa.

Duk hutun da ya zo gida, nakan zauna kusa da shi da dare in yi ta tambaya. Wani labari da ya ba ni ban taɓa mantawa ba. Wata rana kar ta tsaya a shingensu, cikinta akwai mace da yara biyar, ta ce duk nata ne, biki za su. Kawu bai yi mata gardama ba. Ya sayi biskit, ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya gefe, yana tambayar kowane sunan babansa da unguwarsu. Uba huɗu ya ƙirga, gari uku. Ƙaramar cikinsu ba ta san ma sunan matar ba, «Hajiya» kawai take ce mata. Ya sauke su. Matar ta tsine masa, fasinjoji suka taya ta, wani dattijo ya ce masa shi ba ya tsoron Allah, yana hana talaka nema. Kafin la'asar waya ta shigo daga wani babba da ke da ƙuri'u a yankin, ana roƙon a yi haƙuri a sake su. Kawu ya ce takarda ta riga ta wuce hannunsa. Yaran aka maida su gida.

Na ce: «Kawu, ba ka ji tsoro ba?»

Ya yi dariya ya ce: «Ɗana, wanda ya kira ni ɗin nan, da satin nan na ji shi a rediyo yana cewa a ƙarfafa ma jami'an iyaka gwiwa.»

Da a nan zancen ya tsaya, da na tashi a fada na goyi bayan mai karatun shari'a, na huta. Amma ɗan Agadas bai yi ƙarya ba. Dokar nan ba a kan hanyar Kance zuwa Tamanrasat ta fi nauyi ba. Ƙarfinta ya faɗa kan hanyar Libiya, wadda ke kai mutane bakin teku, wato hanyar da ta dami Turai. Kafin 2016 ayarin motoci na tashi daga Agadas kowace Litinin a bainar jama'a, sojoji na rakiya har Dirku. Bayan haka aka kama direbobi, aka tsare Hilux ɗinsu, masu gidajen saukar baƙi da masu saida jarka da masu abinci suka rasa sana'a. Yawancin matafiyan kuwa ƴan ƙasashen CEDEAO ne, waɗanda yarjejeniyar 1979 ta ba izinin yawo cikin ƙasarmu. Tafiya ba ta tsaya ba, ɓuya ta koma. Direbobi suka bar hanyar rijiyoyi don gudun sintiri, suka shiga inda in mota ta mutu ba mai wucewa. A Yunin 2017 mutum 44, akasarinsu ƴan Gana da Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa a yankin Dirku. Na tambayi Kawu wannan. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce sun sha fita neman mota da ta ɓace, su tarar da abin da ba ya son faɗa gaban Inna.

Akwai kuma abin da ya same ni ni kaina. Shekarata ta farko a jami'a, ina dawowa daga ziyara, aka tsaida motarmu a wani shinge. Na miƙa katin ɗan ƙasa, lafiyayye, bai ƙare ba. Aka ce hoton bai yi kama da ni ba, in sauko. Cikin rumfa na tarar da wasu samari baƙi, an jera su, kowa na lalube aljihu. Ni jika ɗaya ta fidda ni, su kuwa na ji ana ce masu jika goma goma. Da zan iya ambatar sunan Kawu in wuce, amma kunya ta hana ni. Da na ba shi labari, ya sunkuyar da kai ya ce: «Irin waɗannan su ne ke sa in na tsaida mai yara biyar, mota duka ta ɗauka kuɗi nake nema.»

Ranar 25 ga Nuwamba 2023 hukumomin soja suka soke dokar, aka kuma wanke waɗanda aka ɗaure a kanta. A Agadas an yi murna, kuma na fahimci murnar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bakunan da suka juya cikin dare ɗaya. Wasu da na ji da kunnena suna kiran jami'an iyaka garkuwar ƙasa, su ne suka koma cewa dama aikin Turawa ake yi. Kawu kuwa kakinsa ɗaya, albashinsa ɗaya, rana ɗaya ke dukansa. Aljeriya ba ta daina kwaso mutane tana zubarwa a wurin da ake kira Point Zéro ba, su tako kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka, kuma ɗan sanda ne ke zaune can yana rubuta sunayensu. Matan yankinmu ba su daina tafiya ba. A Maris 2022 ma har daga Dakar aka kwaso ɗaruruwansu da yara a jirgi.

To ina na tsaya? Ina goyon bayan aikin Kawu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙasar da ke da iyaka da Libiya, da Mali, da dajin da ƴan bindiga ke ketarowa ta kudancin Maradi, ba za ta bar ƙofofinta ba mai dubawa ba. Sai dai na daina auna goyon bayan ɗan siyasa da daɗin jawabinsa. In ya ce yana tare da jami'an iyaka, ina so in ji wa yake so su tsare. In yaron da aka ara don bara ne, to ya daina buga waya a saki mai safararsa. Ya sa a ba su mai da ruwa da waya mai kama sako cikin hamada, don su iske mota kafin mutanenta su mutu. Ya yarda a hukunta mai karɓar jika a rumfa, ko da yaron gidansa ne, don kare irin wannan cin amanar masu gaskiyar cikinsu ne. Ya kuma tuna cewa a Kance gona ta ƙanƙance, baki ya yi yawa, kuma uwar da rumbunta ya ƙare tun kafin bazara ba shinge ne zai zaunar da ita gida ba.

Mu ma ɗalibai da laifinmu. Mun iya rabuwa gida biyu, masu yabo da masu zagi, kowa ya ɗauki rabin labari ya riƙe. Da yawanmu gobe za mu shiga gasar ɗaukar ƴan sanda ko duwan, wasu su zama alƙalai, wasu ƴan majalisa masu buga waya. Gara mu fara tambayar kanmu tun yanzu.

Da hutun da ya wuce na karanta ma Kawu farkon wannan rubutu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in cire wurin biskit, wai za a ce yana fariya. Ban cire ba. Inna da ke gefe tana tankaɗe ta ɗago ta tambaye shi ko ya san inda ƙaramar yarinyar nan take yanzu. Ya ce rabonsa da labarinta tun ranar da aka sa su mota zuwa gida.