Kufan 'Yandoto

Wata ranar Talata ina cikin aji ina ba yara labarin Mansa Musa da daular Mali, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu nan ba mu da tarihi ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin shekara 15 ke nan ina koyarwa, ban taɓa ambatar 'Yandoto a gaban allo ba, ga ta kuwa nan kusa da mu, a ƙasar Tsafe.

'Yandoto fa ba ƙaramin gari ba ne a zamaninsa. Cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Masu ba da labari sun ce daga nan Muhammadu Korau ya fito ya karɓi sarautar Katsina. A shekarun farko na jihadi Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, malamansa suka watse. Har gobe sarkin Tsafe 'Yandoto ake kiransa. Wannan duka a littafi na karanta shi.

Abin da babu a littafi yana bakin wan kakana a Kucheri. Da hutu ya zo na tafi wurinsa da takarda da biro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, labarin mutanen da na zo nema."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan nan, sai yanzu da rana ta yi yamma?"

Ya ba ni labarin kamun mikiya a kan dutsen Kwatarkwashi, da abin da mahaifinsa ya gani lokacin da jirgin ƙasa ya fara ratsa Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929. Da na tambaye shi hanyar da kakanninmu suka biyo, sai aka kira la'asar. Ya ce in dawo bayan girbi. Ba a kai ga yanke gero ba Allah Ya karɓi abinsa.

A ƙasar Japan, ƙananan garuruwa da yawa suna da ɗakin ajiye kayan tarihinsu, inda ake kai 'yan makaranta su ga garmar kakanninsu. Mu namu yana cikin ƙirjin tsofaffi, ga shi rashin tsaro ya sa shiga daji neman kufai ya zama kasada.

Saboda haka na ba kowane ɗalibi aiki: ya zauna da kakarsa ko kakansa, ya rubuto abin da ya ji. Yaron nan mai tambaya ya kawo shafi shida, da wata tsohuwar mazari ta kakarsa. Tana cikin akwatin aji, ita ce ta farko.